Daren Da Get Mai Rimot Ya Ƙi Buɗuwa

'Yan uwana mata, manya da ƙanana, musamman ku 'yan makaranta masu ɓoye littafin soyayya a tsakiyar littafin lissafi, malam na gaban allo yana ta bayani ku kuwa kuna can wata duniya. Kada wadda ta ce ba ta yi. Ni ma na yi, har an taɓa ƙwace mini guda biyu rana ɗaya. To ku tuna mini, a cikin littattafan nan sau nawa kuka karanta inda saurayi ɗan masu hannu da shuni ya iso gida cikin wata dalleliyar mota, ya yi hon, maigadi ya taso a guje ya wangale masa tangamemen get? Ni dai tun ina aji biyu na ƙaramar sakandare na ƙudurta a raina ba zan yi aure ba sai a gida mai get. A gidanmu na Jangeru kuwa ƙyauren zaurenmu na langa-langa ne, in an yi sallar isha'i Baba ya tura shi ya sa sakata, ya jawo wani guntun icce ya tokare, shi ke nan an rufe gida. Yaro ɗan shekara shida ma yana iya buɗe shi daga ciki, kuma a lokacin wannan ne abin da ya fi ba ni haushi da shi.

Allah da ikonsa ni bai ba ni gida mai get ba. Malamin makaranta na aura, babur gare shi, da dare a zaure yake kwana kusa da buhunan gero. Autarmu ce ta taki sa'ar. A ƙarshen shekarar 2020 aka ɗaura mata aure da wani Alhaji ɗan kasuwa a Ƙauran Namoda, mai sayen hatsi a kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis da ƙauyukan Zurmi, ya loda ya kai Dawanau a Kano. Mutumin kirki ne, ina faɗa tun yanzu domin kada abin da zai biyo baya ya sa ku yi masa mummunan zato. Abu ɗaya ne da shi, yana son kayan zamani kamar ransa.

Ranar kai amarya muka iso ƙofar gidan bayan magariba, mota huɗu, ana ta guɗa. Muna jiran mu ga maigadi, sai abokin ango da ke jan motarmu ya ɗauko wani ɗan abu kamar akwatin ashana ya latsa. Wata fitila ta fara walƙiya a kan katanga, sai ga ƙaton baƙin get yana tafiya gefe shi kaɗai, suuu, ba kowa a bayansa. Gwaggonmu da ke riƙe da amarya ta saki salati ta ce, "A'uzu billahi! Wanga gida aljannu ka tsaro nai?" Muka yi ta dariya har da hawaye, amarya ma da ke kuka cikin mayafi sai da kafaɗarta ta motsa. Ni kuwa a zuciyata na ce, Auta kin gama morewa, kin wuce 'yan matan littafi, su nasu har yanzu sai an yi hon.

Bari in bayyana muku yadda abin yake, don ba tsafi a ciki. Irin wannan get ɗin ba buɗewa yake yi kamar ƙofar ɗaki ba, a kan tayoyi yake, yana gungurawa a kan wani siririn ƙarfe da aka kafa a ƙasa kamar layin dogon da ya zo ya ƙare a Ƙaura. A jikinsa daga ƙasa an manna wani dogon ƙarfe mai haƙora. Daga cikin gida kuma, a gindin katanga, akwai wani ɗan akwati wanda bai fi bokitin fenti girma ba, a cikinsa injin yake, da batir, da ɗan allon da ke ba da umarni. Injin yana da nasa haƙoran masu juyawa, su suke cizon haƙoran get su tura shi gaba ko baya. Shi kuwa rimot ɗin hannu ɗan ƙaramin gidan rediyo ne, in kin latsa sai ya aika saƙo ta iska, galibi a kan mita 433 a irin waɗanda ake sayarwa a ƙasar nan, akwatin ya ji ya gane nasa ne ya tashi aiki.

Abin ma ba sabo ba ne a duniya. Wani Ba'amurke mai suna C. G. Johnson ne ya ƙera injin buɗe ƙofar gareji mai aiki da lantarki tun a 1926, a jihar Indiyana. Su can ƙofar garejin sama take ɗagawa ta kwanta a ƙarƙashin rufi, domin gidajensu da yawa ba katanga, garejin ne ma ƙofar shiga. Mu nan katanga gare mu, mota a tsakar gida ko a rumfa take kwana, shi ya sa injin ya koma kan get. Da yawa daga injinan da masu wannan sana'a ke kafawa a Kano da Kaduna da Abuja daga Afirka ta Kudu da Italiya da Sin ake kawo su. Na Afirka ta Kudu, irin su Centurion, sun yi suna saboda su ma can sun san ɗauke wuta, don haka da batir mai ƙarfin bolt 12 injin ke tafiya, wutar gida cajin batirin kawai take yi. Ku riƙe wannan magana ta batir, za mu dawo kanta. Sunan kamfanin da ya yi na gidan Auta kuwa ba zan kama ba, don abin da ya faru ba laifin inji ba ne.

Da na koma ganin ɗaki bayan wata biyu, Alhaji da kansa ya zagaya da ni yana nuna mini tarkacen da aka haɗa wa get ɗin, yana murmushi kamar wanda ya yi sabon ɗa. Rimot uku ne, ɗaya a motarsa, ɗaya a ƙaramar motar da ya saya don cefane da kai Auta unguwa, ɗaya a wurin ƙanensa da ke karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke nan Ƙaura. A jikin katanga daga waje akwai ɗan allo mai lambobi, ka danna lambar sirri get ya buɗe daidai shigar mutum ɗaya. Akwai abin magana mai kyamara, baƙo ya danna daga waje, Auta ta gan shi a wani ɗan talabijin a falo. Sai kuma wanda ya fi alfahari da shi, wani ɗan akwati da aka sa wa layin waya a ciki. Ya ce, "Yaya, kin ga wannan? Ko ina Dawanau, filashin kawai zan yi wa lambar nan, get ya buɗe. Ko kwabo ba ya ci." Ya gwada a gabana, ya kuwa buɗe. Lambobin da aka yi wa rajista kaɗai yake saurara, in baƙuwar lamba ce ko ta kira sau ɗari ba zai motsa ba. Ban da wannan akwai manhaja a wayarsa da ke nuna masa ko get a buɗe yake ko a rufe, da ƙarfe nawa aka buɗe, da wane rimot aka buɗe.

Na ce ma sha Allah. Kuma gaskiya akwai amfani. Duk wanda ke zaune a yankinmu ya san halin da muka shiga na rashin tsaro shekara da shekaru, Allah ya kawo mana ƙarshensa. Mutum ya dawo da dare ya tsaya a ƙofar gida yana hon, ko ya fito daga mota yana laluben kwaɗo, wannan 'yar tsayuwar ita ce lokacin da aka fi tsoro. Da rimot tun daga kan kwana ka latsa, kana isowa ka shige, ya rufe kansa. Ga ruwan sama, ga mace ita kaɗai a gida ba sai ta fito tura ƙarfen da ya ninka ta nauyi sau biyar ba. Ban raina wannan ba ko kaɗan.

Amma da muka keɓe a ɗaki sai na ga Auta ta yi shiru. Na ce lafiya? Ta ce, "Yaya, wallahi get ɗin nan ɗan rahoto ne." Ashe duk lokacin da ya motsa sai wayar Alhaji ta yi ƙara. Mai kitso ta zo, waya: wa ya shigo? Almajiri ya fita zubar da shara, waya: wa ya fita? Ran nan ta tambaye shi da safe za ta shiga barkar haihuwa gida na uku da nasu, ya ce ta je, da ya shiga hidimar kasuwa sai ya manta. La'asar na yi ya ga an buɗe ƙarfe 4 an sake buɗewa 5 da rabi, ya kira ransa a ɓace. Da ta tuna masa ya ba ta haƙuri, amma ta ce ranar ko abincin dare ba ta iya ci ba. Ni ra'ayina a nan, kuma na faɗa masa a gaban idonsa daga baya, neman izinin miji abu ne da muka tashi da shi, ba wadda ke musunsa. Sai dai na'ura motsin ƙarfe kawai take gani. Ba ta san an yi sallama da safe ba, ba ta san mai kitso daga ɓarawo ba. Namijin da bai da zargi ma, in waya tana yi masa ƙara sau goma a wuni, shaiɗan zai samu wurin zama. Balle a ce gidan da kishiya ne, ɗaya tana da lambar buɗewa ɗaya ba ta da ita, ai an ƙulla rigimar da sai an kira waliyyai.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Cikin Auta ya isa haihuwa a watan Satumba na 2021. A al'ada gida za ta dawo goyon ciki tunda na fari ne, to amma hanyar Shinkafi a lokacin ba ta biyuwa yadda ake so, kuma asibiti ya fi kusa da ita a Ƙaura. Sai aka yanke shawara ni da Inna mu je mu zauna da ita. Waɗanda ke Zamfara a wannan shekara ba sai na tuna musu ba. A ƙarshen Agusta gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana babura da Keke Napep zirga-zirga daga 6 na yamma zuwa 6 na safe a wajen Gusau. Ranar 3 ga Satumba kuma aka ba da umarnin katse layukan waya a jihar baki ɗaya don yaƙi da 'yan bindiga. Mako biyu aka ce da farko, amma wajen babban birni sai da aka doshi wata uku. Waya ta zama tocila da abin duba lokaci. In kana da saƙo sai ka rubuta takarda ka ba direba, kamar zamanin kakanninmu.

Da kasuwanni suka tsaya, Alhaji ya ga zama ba nasa ba ne, ya tafi Kano karɓo kuɗinsa a hannun mutane, da niyyar kwana uku. Lissafin asibiti ya nuna da sauran mako biyu. Ya bar mana ƙanensa da ƙaramar mota cike da mai, ya bar kuɗi, ya bar komai. A ganinsa.

Daren da ya cika kwana biyu da tafiya, wajen ƙarfe ɗaya da rabi, naƙuda ta tashi gadan-gadan. Inna ta duba ta, ta ga abin da bai kwanta mata a rai ba, jini ya fara zuwa tun kafin komai. Inna da ta haifi tara a ɗaki ba ta taɓa cewa a tafi asibiti ba, amma ranar ita ta ce, "Tashe yaron ga, mu tahi yanzu." Muka tallabo Auta muka sa a mota. Yaron ya tayar da mota, ya latsa rimot. Shiru. Ya sake latsawa. Akwatin ya yi wani ɗan kuka, ƙit ƙit, get ya motsa kamar faɗin tafin hannu ya tsaya cak.

Kwana biyar ke nan ba a kawo wuta ba a unguwar. Janareta na nan amma ba mai, tunda ba a sayarwa a jarka, wanda ke ciki mun ƙone shi a kan firji da fanka. Duk kwanakin nan injin get yana ta cin batirinsa a hankali ba mu sani ba. Ita manhajar wayar Alhaji da aka ce tana gargaɗi in batir ya yi ƙasa, da wane sabis za ta yi gargaɗin? Yaron ya fito, ni da shi muka sa kafaɗa muka tura iya ƙarfinmu. Ko gezau. Daga baya na fahimci dalili: da gangan aka yi injin yadda in ya tsaya haƙoransa za su cije get, don kada ɓarawo ya tura daga waje. Abin da ke hana ɓarawo shiga shi ya hana mu fita.

Yaron ya ce akwai wani ɗan makulli da ake buɗe wata 'yar ƙofa a jikin akwatin, a ja wani hannu, inji ya saki get a tura da hannu. Na ce to ɗauko mana! Ya yi tsuru-tsuru. Makullin guda biyu ne, dukansu suna cikin tarin makullan Alhaji, Alhaji yana Kano, ba waya.

'Yan uwa, ban taɓa jin tsanar wani abu a duniya kamar yadda na tsani baƙin ƙarfen nan a daren ba. Ga mota a kunne, ga mai, ga direba, ga titi ina hango shi ta 'yar kafar da ta buɗe, ga ƙanwata a kujerar baya tana kiran sunan Allah muryarta na ƙara yin ƙasa. Ƙaramar ƙofar shiga ta mutane na da makullinta a hannunmu, amma a fita da ita a ƙafa zuwa ina? Babur an hana, kuma ko ba a hana ba wa zai ɗora mace a wannan hali? Maƙwabta masu mota biyu ne a layin, ɗaya ya kwashe iyalinsa ya koma Gusau, ɗaya motarsa ba mai. Ga shi lokacin da in ka buga wa mutum ƙofa da tsakar dare ba zai buɗe ba, don bai san ko su waye ba.

Inna ce ta yi ta maza. Ta yafa zane ta fita ta ƙaramar ƙofa ba ko takalmi, ta je gidan wani bakanike a ƙarshen layi. Ba ta buga ƙofa ba, tsayawa ta yi ta ɗaga murya tana kiran matarsa, tana faɗin ko ita wace ce, har suka gane muryar tsohuwa ce. Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri. Ya zo da guduma da sukundireba, na riƙe masa tocila hannuna na rawa. An sa wa akwatin wani kejin ƙarfe da kwaɗo saboda ɓarayin inji, sai da ya fara fasa wannan, sannan ya koma kan ɗan makullin. Yana duka yana cewa, "Hajiya, ku yi ta addu'a." Inna ta ce, "Ɗana, kashe shi duka in ta kama, mu dai a buɗe muna." Da ƙofar akwatin ta ɓalle ya ja hannun, sai ga get ɗin da ya gagari mutum biyu yana tafiya da hannu ɗaya kamar labule. Na duba waya, minti arba'in da 'yan kai muka yi a tsakar gidan nan.

An karɓe mu a asibiti, aka yi mata ƙarin jini leda biyu, ƙanen mijin ne ya ba da ɗaya. Da asuba ta haifi 'ya mace. Ma'aikaciyar da ta karɓi haihuwar ta dube ni ta ce me ya sa muka zauna a gida har haka? Na buɗe baki in ce get ne ya ƙi buɗuwa, sai na ji maganar ta yi mini nauyi, na yi shiru kawai hawaye na zuba.

Da Alhaji ya dawo ya ji labari, zama ya yi a bakin baranda ya dafe kai, ya fi rabin awa bai ce uffan ba. Ya zaro makullan daga aljihu yana kallon 'yan ƙananan nan guda biyu, ko tsawon ɗan yatsa ba su kai ba. Ya ce shi tun ranar da aka kafa injin bai sake tunawa da su ba. Kuma na yarda da shi. Mai kafawa ya nuna masa sau ɗaya, shi kaɗai, a tsaye, ba a kira matar gida ba, alhali ita ce ke kwana ta wuni a bayan get ɗin.

Na ɗauka mu kaɗai irin wannan ya taɓa samu saboda halin wutarmu, ashe har a Amurka. A watan Oktoba na 2017 wutar daji ta tashi a arewacin jihar Kalifoniya, lantarki ya ɗauke, mutane suka shiga mota za su gudu ƙofar gareji ta ƙi ɗagawa. 'Yan majalisar da suka kawo ƙudurin gyara sun ce aƙalla mutum 5 ne suka rasu ta wannan hanya, akasari tsofaffi waɗanda ba su iya ɗaga ƙofar da hannu ba. Dalilin haka jihar ta yi doka, daga 1 ga Yuli 2019 ba a sayar da injin ƙofar gareji ko a kafa shi a gida sai da batirin ko-ta-kwana. Ga wadda Allah ya kai ta gida mai irin wannan ƙofa mai ɗagawa sama, a Abuja ko a waje, ki ɗaga kai za ki ga wata jar igiya tana lilo daga jikin injin. Ita ce makwafin ɗan makullin namu, in an ja ta ƙofa ta rabu da inji. Amma a ja ta lokacin da ƙofar ke rufe, don in tana sama tana iya rikitowa da nauyinta.

Shi batirin ma ba a dogara da shi ido rufe. Irin wanda ke cikin akwatin get shekara biyu zuwa uku yake yi, zafin rana irin na bazararmu yana rage masa kwana, kuma in ya ƙare ƙarƙaf sau biyu sau uku ba ya komawa daidai. Alamarsa get ya riƙa tafiya a sanyaye kamar mai jin barci, ko akwatin ya riƙa ƙara. Yanzu Alhaji ya sa ɗan faifan sola a kan katanga wanda aikinsa kawai cajin wannan batir, ya rabu da jiran wuta. Layin da get ke bi kuma yana son shara kullum, domin yashi da tsakuwa da damina ke tarawa suna sa inji ya wahala. Ƙadangaru da tururuwa suna son ɗumin akwatin, in suka shiga suna ƙona allon. Wannan duk aikin da matar gida ce za ta fara lura da shi, in an nuna mata.

Tunda gyara ake, na matsa masa a kan abu biyu da mai gyaran ya ambata a gabana. Na farko idanu. Wasu 'yan na'urori ne guda biyu da ake kafawa a ginshiƙan get suna kallon juna, wani haske da ido ba ya gani yana ratsawa tsakaninsu, in yaro ko akuya ko mota ta gitta lokacin da get ke rufewa sai ya tsaya ya koma baya. A karon farko Alhaji bai sa ba, wai ƙarin kuɗi ne kuma ba yara a gidan. A Amurka sai da ƙofofin gareji suka danne yara fiye da 40 suka mutu tsakanin 1982 da 1990, sannan aka wajabta irin wannan kariya daga farkon 1993. Get na ƙarfe mai nauyin buhun masara huɗu ko biyar ba abin wasa ba ne ga mai rarrafe. In an sa su, a riƙa goge su da tsumma lokacin hunturu, don ƙura na rufe su get ya ƙi rufuwa a yi ta zagin inji.

Na biyu rimot ɗin kansa. Akwai mai arha wanda lamba ɗaya yake aikawa kullum, irin wannan ana kwafarsa a kan wani rimot cikin ɗan lokaci, kamar yadda ake yanka makulli a kasuwa. A 2015 wani masanin kwamfuta a Amurka, Samy Kamkar, ya ɗauki wani abin wasan 'yan mata na aika saƙo, ruwan hoda, ya sauya masa aiki, ya nuna yana buɗe irin waɗannan ƙofofi cikin ƙasa da sakan 10. Mai kyau shi ne wanda ke canza lambarsa duk latsawa, wadda aka yi amfani da ita ba ta sake aiki. Kuma in rimot ya ɓace, ko an sallami direba ko yaron gida bai dawo da nasa ba, ana iya goge shi daga ƙwaƙwalwar akwatin ya zama banza a hannunsa. Haka lambar sirrin allon waje, in ta yi yawo a bakin 'yan aike a canza ta.

Maganar ɗan rahoto kuma, bayan suna na samu Alhaji na ce, "Alhaji, ran da muke neman na'urar nan ta yi magana ba ta yi ba, sai ran da mai kitso ta zo." Ya yi dariya har da tafawa, ya ce Yaya kin gama da ni. Ya kashe ƙarar sanarwar ta rana, ya bar ta dare kawai, daga 10 zuwa asuba, wanda ni ma na ga dacewarsa. Ya sa lambar Auta a cikin masu buɗewa da filashin. Ya kuma ɗauki maigadi, wani dattijo Buzu, wanda yanzu ya san duk dangi da fuska, har yakan ce wa Gwaggo aljannun sun tafi hutu shi ke riƙe musu.

Ƙanwar ƙawata da za a kai Gusau bayan sallah ta zo tana ba ni labarin gidan da aka gina mata, tana cewa, "Anti, get ɗin ma da waya ake buɗe shi." Na ce Allah ya sanya alheri, amma in an kai ki, kafin ki tambayi ina rimot ɗin talabijin, ki ce ango ya kai ki gindin akwatin nan. Ki karɓi ɗan makullin ki buɗe da hannunki, ki ja hannun, ki tura get ɗin har ƙarshe ki dawo da shi, ki mayar. Ki yi da rana, ki sake yi da dare da tocila. In akwai keji da kwaɗo, nasa makullin ma ki karɓa. Ta ce ba za ta ji kunya ba, amarya da tura get? Na ba ta labarin da na ba ku.

A gidan Auta yanzu makullan huɗu ne. Ɗaya na wurin Alhaji, ɗaya wurin maigadi, ɗaya a rataye a ƙusa bayan ƙofar kicin inda hannun yara ba ya kai. Na huɗun na Inna ne. Ba ta da mota, ba ta iya latsa rimot ba har yau, sau biyu ko uku take zuwa Ƙaura a shekara. Amma duk ran da ta sauka, kafin ta sha ruwa sai ta kwance bakin zanenta ta duba yana nan tare da goronta, sannan ta ce a kawo mata takwararta ta gani.